Tiyatar cire mafitsara

Tiyatar cire mafitsara aiki ne da ake yi wa mai ciwon dajin mafitsara idan ciwon ya ci har cikin tsokar bangonta. Muddin ƙarin bai wuce fatar cikin mafitsarar ba, likita kan zura na'ura ta hanyar fitsari ya kankare shi, wani lokaci a bi da maganin BCG (wanda aka sani da rigakafin tarin fuka) da ake ɗurawa cikin mafitsara, dabarar da likita Alvaro Morales ya gabatar a Kanada a 1976.

A Turai da Amurka shan taba ne babban sanadin ciwon. A ƙasar Hausa kuwa, kamar a Masar, tsargiya ma tana da hannu: ƙwan tsutsarta kan maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru yana gurzar wurin. Abin takaici, wanda ya taso yana ganin fitsarin jini wajen yara masu wanka a kududdufi ba ya ɗaukarsa bakin komai, sai ya zo asibiti bayan ciwo ya yi nisa.

Aikin kan ɗauki awa 4 zuwa 6. Ga namiji ana haɗawa da furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara) a cire, ga mace sau da yawa har da mahaifa. Daga nan sai a sama wa fitsari hanya. Wadda aka fi bi ita ce ta likita Eugene Bricker ta 1950: a yanko guntun ƙaramin hanji kamar santimita 15, a jona masa bututan da suka sauko daga ƙoda, a fito da bakinsa ta gefen dama na ciki, fitsari ya riƙa zuba cikin jakar da aka manna a fata. Wasu kuma akan ɗinka musu sabuwar mafitsara da hanji.

Jinya ce mai son haƙuri. Akan kwanta sati ɗaya zuwa biyu, kuma tun washegari ake tayar da majinyaci ya taka, don kada jini ya daskare a ƙafa. Hanjin da aka taɓa kan yi kasala, shi ya sa kowace safiya likita ke tambaya ko an fitar da iska. Ganin majina a cikin jaka kan firgita mutane, alhali hanji ne ke aikinsa na asali. Ƙarfin jiki kan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya dawo.

Jakar ita ce wahalar yau da gobe: tana da tsada, gumin bazara kan sassauta manninta, fitsari kuma na cin fata idan ya ɗiga. Masu damuwa da alwala suna da sauƙi, domin malamai da dama na ba su hukuncin mai yoyon fitsari. Bayan sallama ana ci gaba da ɗaukar hoton ciki da gwajin ƙoda na tsawon shekaru.