Shin wuƙar likita ce ke yaɗa kansar nono?

Tsakanin Hausawan Jidda da Makka an daɗe ana cewa: "Kansa in ta ga wuƙa, sai ta watsu." Tsoron yana da dalili, domin an sha ganin mace ta rasu ba da daɗewa ba bayan tiyata.

Sai dai a irin wannan yanayi, galibi cutar ta riga ta kai ƙashi, huhu ko hanta kafin a shiga ɗakin tiyata. Wuƙa ko iskar da ke shiga jiki yayin tiyata ba ta yaɗa ta. A mataki na 4, wato idan cutar ta riga ta bazu zuwa wasu sassan jiki, magunguna ne ginshiƙin jinya, tiyata kuwa ta sauƙaƙa wahala ce. Akan cire nonon da ya fashe yana zubar da jini da wari, har mai shi ta daina shiga mutane, kullum tana canja tsumma. Akan sa ƙarfe a ƙashin cinyar da cutar ta ci kafin ya karye. A ganina, samun barci da yin sallah cikin tsabta ba ƙaramin abu ba ne.

Ba kowa aikin ke dacewa da ita ba. Ku tambayi likita: warkarwa ake nufi ko sauƙi? Me hoton jiki ya nuna? In Larabci bai zauna ba, ku tafi da mai fassara.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.