Allurar Rigakafi da 'Yancin Mutum: Abin da Sashe na 45 Ya Tanada

A watan Oktoba na 2021, Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, ya sanar da cewa daga ranar 1 ga Disamba ba ma'aikacin gwamnatin tarayya da zai shiga ofis sai ya nuna shaidar an yi masa allurar rigakafin korona, ko takardar gwaji wadda ba ta wuce awa 72 ba da ke nuna ba ya ɗauke da cutar. Nan take cece-kuce ya ɓarke a kan ko gwamnati tana da hurumin yin haka.

Asalin doka shi ne baligi mai hankali shi ke da iko da jikinsa. A shari'ar Okonkwo ta 2001, wadda ta shafi wata majinyaciya da ta ƙi a yi mata ƙarin jini, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa majinyaci na iya ƙin magani, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa, bisa 'yancin sirri da na addini. Sai dai wanda ya ƙi ƙarin jini kansa kaɗai ya sa cikin haɗari, alhali mai ɗauke da cuta mai yaɗuwa yana iya shafa wa maƙwabcinsa, kuma a nan ne sashe na 45 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shigo. Sashen ya yarda a taƙaita 'yancin da ke sassa na 37 zuwa 41, wato sirri, addini, faɗin albarkacin baki, taro da zirga-zirga, domin kare lafiyar jama'a, muddin an yi hakan ta hanyar dokar da za a iya kare hujjarta a ƙasar dimokuraɗiyya. Sashe na 34, mai kare mutuncin ɗan'adam, ba ya cikin wannan jerin, saboda haka danne mutum a soka masa allura ya fi wuyar karewa a kotu fiye da hana shi shiga ma'aikata.

Ɗar-ɗar ɗin jama'a ba daga sama ya faɗo ba, domin mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda aka zarga da jawo mutuwa da naƙasar wasunsu, ba, ga kuma rahotannin daskarewar jini, waɗanda ba kasafai ake samu ba, bayan allurar AstraZeneca. Zaɓin gwaji ya rage ƙarfin ƙorafin tilastawa, ko da yake kuɗin gwajin duk bayan kwana uku ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci.

A ganina, raunin umarnin na 2021 yana wani waje dabam: sashe na 45 doka ya ambata, wannan kuwa umarnin ɓangaren zartarwa ne. Ƙudurin dokar cututtuka masu yaɗuwa da Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gabatar a majalisar a 2020, wanda ya ƙunshi batun wajabta rigakafi, ya sha suka mai zafi, kuma bai zama doka ba.