Alfonso de Borbón: Jikan Sarkin Sifaniya da Gadon Sarauta Ya Kuɓuce Masa

Wane ne shi?

Jikan Sarki Alfonso na 13 ne. An haife shi a birnin Roma ranar 20 ga Afrilun 1936, domin kakansa ya bar Sifaniya tun 1931 lokacin da aka kafa jamhuriya. A gudun hijira ya buɗe ido.

Me ya hana shi zama sarki?

Tun kafin a haife shi aka yanke hukuncin. Mahaifinsa, Yarima Jaime, shi ne ɗa na biyu a wurin sarki, amma ya kurmance tun yana ƙarami. A 1933 babban wansa ya ajiye haƙƙin gado don ya auri wata 'yar Kyuba, shi ma Jaime aka matsa masa ya sa hannu ya janye, wai kurma ba zai iya riƙe ƙasa ba. Bayan shekara biyu ya auri Emanuela de Dampierre, 'yar manyan gida amma ba jinin sarauta ba. Ta haka gado ya koma hannun ƙaninsu Juan, uban Juan Carlos. Wannan ne ya fi ci mini rai: larurar da uba bai ɗora wa kansa ba ita ta rufe wa ɗa ƙofa.

Ina Janar Franco ya shigo?

Franco, sojan da ya yi mulkin kama-karya a Sifaniya, shi ne ke riƙe da ƙasar a lokacin, kuma a 1969 ya naɗa Juan Carlos magajinsa. Alfonso aka tura shi jakada Suwidin. Sai ga shi a watan Maris na 1972 ya auri Carmen Martínez-Bordiú, jikar Franco, a fadar El Pardo. Gari ya ɗauka da raɗe-raɗin cewa tsohon zai sake shawara ya ɗora mijin jikarsa. Bai sake ba. Abin da Alfonso ya samu shi ne sarautar Duque na Cádiz, wato laƙabin girmamawa na manyan gida, a wannan shekarar, kuma da Franco ya rasu a 1975 Juan Carlos ya hau karaga.

Gaskiya ne wasu na kiransa sarkin Faransa?

Gaskiya ne. Wani ɓangare na masu son dawo da sarauta a Faransa sun ɗauke shi a matsayin shugaban gidan Bourbon, wato zuriyarsu ta Borbón da ta taɓa sarautar Faransa, bayan rasuwar mahaifinsa a 1975. Suna ne kawai, babu ƙasa babu fada.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Da ɗaci. Aurensa ya mutu, aka raba shi a 1982. A Fabrairun 1984, yana tuƙi da 'ya'yansa biyu a hanyarsu ta dawowa daga wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, motarsu ta yi karo da babbar mota a yankin Navarra. Babban ɗansa Francisco, mai shekara 11, ya rasu. Shi da ƙaramin, Luis Alfonso, suka ji munanan raunuka.

Bai rabu da wasan ba, har ya shugabanci kwamitin Olamfik na Sifaniya daga 1984 zuwa 1987. Ranar 30 ga Janairun 1989, a Beaver Creek ta jihar Colorado a Amurka, yana gangarowa don duba filin gasar duniya, wata igiyar ƙarfe da ake ɗagawa don rataye kyallen ƙarshen tsere ta kama shi a wuya. Yana da shekara 52. An binne shi a gidan ibada na Descalzas Reales a Madrid, inda ɗansa Francisco yake kwance.