Wahalar shekarun 1930 a ƙasar Kano: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Me ya faru a 1929?

Kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a watan Oktoba, ciniki ya tsaya a duniya. Na sha faɗa muku.

To ina ruwan manomin Dawakin Kudu da Amurka?

Gyaɗa mana! Tun da jirgin ƙasa ya fara kwasar ta daga Kano a 1912, kuɗinta a Turai ake yanke shi. Da masu saye suka ja baya, farashi ya rikito. Ga shi a 1929 manyan kamfanonin Turawa sun haɗe sun zama kamfani guda, UAC (United Africa Company), wuraren tayi suka ragu.

Wane ne sarki a lokacin?

Abdullahi Bayero.

Me ya hana su barin gyaɗa su koma gero?

Haba, da gero ake biyan haraji? Sule da kwabo ake nema, a hannu.

In gyaɗar ba ta kai kuɗin haraji ba, yaya magidanci yake yi?

Ya danganta da gida, ya danganta da shekara. Haraji da jangali dai ba su sauko yadda farashi ya sauko ba. Mai akuya ya kai ta kasuwa, ya tarar kowa ma tasa ya kawo. Wani ya buɗe rumbu ya sayar da dawa da kaka, lokacin da ta fi araha, ya dawo yana awonta da tsada da damina. Wani ya karɓi kuɗi wurin dillali kan gyaɗar da ba a ma cire ba, wani ya jinginar da gona. A wasu gidajen uwargida ce ke fitar da maigida kunya da kuɗin kaɗi ko na ƙuli-ƙuli. Mai unguwa na tsaye a bakin zaure, shi ma dagaci na jiransa, dagaci kuma hakimi. Shekarar da fara ta sauka kuwa, ko abin sayarwar babu. Kada ku yi saurin cewa sakaci ne, don Allah. Ba ku taɓa auna hatsin 'ya'yanku kuna miƙa wa wani ba.

Ba sai su tafi cin rani wajen haƙar kuza a Jos ba?

Sun tafi. Amma yarjejeniyar da ƙasashe masu haƙar kuza suka ƙulla a 1931 ta ƙayyade kuzar da Najeriya za ta fitar, aka sallami leburori da yawa. Wasu suka nufi haƙar zinariya wajen Minna da Birnin Gwari.