Layin maki uku ba NBA ce ta ƙirƙiro shi ba

Masu kallon ƙwallon kwando da dama sun ɗauka cewa layin nan mai lanƙwasa, wanda jifa daga bayansa ke kawo maki uku, NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ce ta haife shi. Ba haka abin yake ba, kuma ina jin zafin yadda aka manta da masu shi.

Gasar ƙwararru ta farko da ta shata shi ita ce ABL a Amurka, a kakar 1961 zuwa 1962, ƙarƙashin Abe Saperstein, mai ƙungiyar Harlem Globetrotters. Ya so ya ƙara wa wasan armashi, ya kuma bambanta gasarsa da NBA. Cleveland Pipers ce ta ɗauki kofin kakar. Rashin kuɗi ya durƙusar da gasar a ƙarshen Disambar 1962, kaka ta biyu ko ƙarewa ba ta yi ba.

Daga 1967 gasar ABA, mai ƙwallo ja da fari da shuɗi, ta raya layin. NBA kuwa ta daɗe tana yi masa kallon wasan yara, sai a kakar 1979 zuwa 1980 ta karɓe shi.