Me ya sa ake sa mai farfaɗiya huci a ɗakin gwaji?

Kwanakin baya wata uwa daga wani ƙauye kusa da Ringim ta dawo mini ranta a ɓace. Mun tura 'yarta Kano gwajin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira EEG, domin takan yi shiru a aji, ido a buɗe, a kira ta ba ta ji, bayan 'yan daƙiƙu ta dawo hayyacinta, abin da muke zaton wani nau'in farfaɗiya ne. Uwar ta ce, "Likita, kamar so suke su tayar mata da ciwon. Sun sa ta huci, suka yi ta haska mata fitila a ido."

Na ce, "Inna, da gangan suka yi, kuma don amfaninta ne."

Farfaɗiya takan yi lamo. Awon yawanci bai fi minti 20 zuwa 30 ba, a ɗan wannan lokaci kuwa ƙwaƙwalwa tana iya nuna kamar lafiya lau take. Dole sai an ɗan taɓo ciwon a gaban masu iya kula da shi. Wayoyin da ake liƙa wa kai ba sa saka wuta a jiki, saurare kawai suke yi.

Hucin nan jan numfashi ne mai zurfi na kamar minti 3. Yana sa hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, irin farfaɗiyar yarinyar nan kuwa da haka ta fi fitowa. Za a iya jin jiri, yatsu su yi sanyi, yana wucewa da an tsaya. Amma ina roƙonku, 'yan uwa, in yaro mai sikila ne, ku faɗa tun kafin a fara, domin ba a sa mai sikila wannan huci. Haka mai asma, mai ciwon zuciya da mai juna biyu. Kada ku jira sai an tambaye ku.

Fitilar mai walƙiya kuwa, kaɗan ne daga cikin masu farfaɗiya take tayar wa ciwo, su ake son ganowa. Wani kuma a ce ya rage barci a daren da za a wayi gari a yi gwajin, saboda gyangyaɗi na fito da abin da ya ɓoyu.

Ranar tafiya a tsefe kitso, a wanke kai, kada a shafa mai. A karya kumallo, amma ban da shayi da goro. Maganin da ake sha kuma a ci gaba da shi, sai in likita ne da bakinsa ya ce a dakata.