Surkullen Magabata: Ta Hannun Wa Ya Iso Gare Mu?

A shekarar 1841 wani masanin tarihi Bajamushe, Georg Waitz, yana bincike a ɗakin littattafan babban cocin garin Merseburg, sai ya ci karo da abin da ba shi ya fito nema ba. A cikin wani kundin addini akwai shafin da aka bari fili, wani kuma ya zo a ƙarni na 10 ya cike shi da surkulle guda biyu a tsohon Jamusanci. Na farko na kwance ɗaurarre ne. Na biyu na gyaran ƙafar dokin da ya yi targaɗe ne, inda ake kiran sunayen allolin da Jamusawa suka bauta wa kafin Kiristanci, sannan a ce ƙashi ya koma ga ƙashi, jini ga jini, gaɓa ga gaɓa. Da masana suka bi diddigi, sai suka tarar da kusan waɗannan kalmomi a tsohon littafin Indiya na Atharvaveda, suka kuma same su a bakin manoman Norwe da Sikotlan bayan ɗaruruwan shekaru, sai dai a can an cire sunan tsohon abin bauta an sa Annabi Isa a kan dokin.

Labarin shafin nan yana da amfani ga duk mai sha'awar fannin surkulle da al'adun gargajiya, domin ya nuna abu biyu. Surkulle yana da tsawon rai fiye da daulolin da aka yi shi a cikinsu, kuma yana sauya riga duk lokacin da zamani ya sauya. Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne cewa kusan duk abin da muka sani game da asirin magabata ya iso mana ne ta hannun wani da ba shi ne mai abin ba.

A yau ana rububin komawa ga tushe. Mutum zai aika da yawunsa a yi masa gwajin ƙwayar halitta, a ce masa kakanninsa daga yanki kaza suka fito, washegari ya hau intanet yana neman layar mutanen wannan yanki da camfe-camfensu. Ban ga laifin wannan ƙishirwa ba. Wanda birni ya haɗiye iyayensa, ko bauta ta raba kakanninsa da ƙasarsu, yana da hakkin ya tambayi daga ina ya fito. Sai dai kafin a sha ruwa, ya kamata a san magudanar da ya biyo.

Su wa ke yin sana'ar surkulle tun asali? A ƙauyukan Turai, kamar na sauran duniya, akwai mutumin da ake zuwa wurinsa idan saniya ta ƙi ba da nono, ko an yi sata ba a san ɓarawo ba, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ana zargin an yi wa yaro sammu. Wani maƙeri ne, wata ungozoma ce, wani mai ɗori. Mafi yawansu a Turai masu zuwa coci ne, tofinsu cike yake da ayoyin Zabura da sunayen waliyyai, kuma da za ka ce musu matsafa da sun yi faɗa da kai. A idon jama'a boka daban, maye daban. Maye shi ne mai cutarwa a ɓoye, boka kuwa shi ake kira ya karya abin da maye ya ƙulla. Malaman addini ba su yarda da wannan rabo ba. Musulunci da Kiristanci duk sun haramta sihiri, amma hakan bai hana manyan malamai nazarinsa ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware babi guda a kan sihiri da ɗalasimai, ya bayyana yadda masu yi suke yi, sannan ya faɗi hukuncin shari'a a kai. Ya nuna cewa sanin abu daban, aikata shi daban.

Hannu na farko da abin ya bi shi ne na alƙali. Tsakanin kusan 1450 zuwa 1750 an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai bisa tuhumar maita, kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Littafin da Heinrich Kramer ya fitar a 1486 ya taimaka wajen kafa hoton mayya mai ƙulla alkawari da Shaiɗan, kuma alƙalai suka riƙa shiga kotu da wannan hoto a kansu, suna azabtar da mutane har sai sun faɗi abin da ake so a ji. Takardun waɗannan shari'o'i su ne babbar taskar da masu bincike ke ɗiba a yau.

Babu misalin da ya kai na yankin Friuli a arewa maso gabashin Italiya, wanda masani Carlo Ginzburg ya tono ya wallafa a 1966. A 1575 masu binciken coci suka ji labarin wasu manoma da ake kira benandanti, wato masu tafiyar alheri. Waɗannan mutane ne da aka haifa lulluɓe da tantanin mahaifa. Sun ce sau huɗu a shekara, a daren Alhamis, kurwarsu tana fita ta bar gangar jiki a kwance, su je su gwabza da mayu. Su suna riƙe da karan wani tsiro mai ƙamshi, mayu kuma suna riƙe da karan dawa. Idan suka yi nasara a samu damina mai albarka, idan mayu suka rinjaya a yi yunwa. A wurinsu aikin Allah suke yi, suna kare amfanin gonar jama'a. Masu tuhuma suka rasa inda za su ajiye wannan labari, don bai dace da abin da ke cikin littattafansu ba. Sai suka yi ta matsa lamba, tambaya bayan tambaya, shekara bayan shekara, har zuwa wajen 1640 aka fara samun benandanti da ke cewa da bakinsu lallai taron Shaiɗan suke zuwa. Cikin shekara sittin da 'yan kai an mayar da masu yaƙi da mayu sun zama mayu. Duk wanda ya buɗe takardun ƙarshe kawai, zai ɗauka abin da kakanninsa suka yi imani da shi ke nan, alhali muryar alƙali yake ji.

Daga baya doka ta juya. A 1735 Birtaniya ta daina hukunta mutum a matsayin maye, ta koma hukunta wanda ya yi iƙirarin yana da asiri a matsayin ɗan damfara. Wannan doka ta zauna har 1951, kuma irin tunaninta ne Turawan mulkin mallaka suka shuka a ƙasashen da suka mallaka, har Afirka ta Kudu ta yi tata a 1957.

Hannu na biyu na masu tattarawa ne, kuma su da ƙauna suka zo. 'Yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da kundin tatsuniyoyinsu a 1812 da niyyar ceto muryar talakan Jamus. Amma da yawa daga cikin masu ba su labari mata ne 'yan boko, wasu ma jikokin Faransawa ne, kuma Wilhelm ya yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857, yana share abin da ya ga bai dace da yara ba, yana mayar da muguwar uwa ta zama kishiyar uwa. A Finlan wani likita, Elias Lönnrot, ya yi ta yawo a ƙauyukan Kareliya yana rubuta waƙoƙi da tofi daga bakin tsofaffi. Ya ɗinke su suka zama doguwar waƙar tarihi mai suna Kalevala a 1835, ya faɗaɗa a 1849, a 1880 kuma ya fitar da kundin surkulle zalla. Aikinsa ya ba mutanen da Rasha ke mulka abin tinƙaho, amma ba wani tsoho guda da ya taɓa rera labarin a jere kamar yadda yake a littafin. Allura da zaren na Lönnrot ne. A wannan zamani ne, a 1846, William Thoms ya ƙirƙiro wa fannin sunansa na Turanci, folklore, ta hanyar haɗa kalmar jama'a da kalmar sani.

Masana ilimin al'adu ma ba su tsira ba. James Frazer, wanda babban aikinsa ya fara fitowa a 1890, ya jera ɗan Adam a kan tsani: sihiri a ƙasa, addini a tsakiya, kimiyya a sama. Daga rahotannin 'yan mishan da jami'an mulki ya gina wannan tsani, bai zauna da mutanen da yake magana a kansu ba. Evans-Pritchard, wanda ya zauna da ƙabilar Azande ta kudancin Sudan ya wallafa bincikensa a 1937, shi ya kawo gyara. Ya ba da misalin rumbu da ya rufta wa mutanen da ke hutawa a inuwarsa. Azande sun san sarai gara ce ta ci ginshiƙan. Tambayarsu ita ce, me ya sa ya faɗi a daidai lokacin da waɗannan mutane ke zaune? Wannan tambaya ce maita ke amsa musu. Mutanen ba jahilai ba ne, wata damuwa ce daban suke neman maganinta.

A nahiyar Amurka, abin da bayi suka ƙetare teku da shi a ƙirjinsu ya gauraya da ilimin tsirrai na 'yan asalin ƙasar da addu'o'in Kirista. Zora Neale Hurston, marubuciya baƙar fatar Amurka, ta shiga almajirancin bokayen New Orleans da kanta kafin ta rubuta abin da ta gani a 1935, kuma irinta, wato 'yar gida mai rubuta na gida, ba su da yawa. A Bahiya ta Brazil kuwa, bayan boren bayi Musulmi na 1835, layun da aka ciro daga jikin mayaƙan, masu rubutun Larabci, a ma'ajiyar hukuma suka tsira, a matsayin shaidar laifi.

Sai hannu na uku, na masu farfaɗowa. A 1921 Margaret Murray ta ce waɗanda aka kashe a Turai bisa tuhumar maita mabiya wani tsohon addini ne da ya ɓuya ƙarni da ƙarni. Gerald Gardner ya ɗora a kai a 1954, ya gabatar da Wicca, wani addini na masu kiran kansu mayu, a matsayin ragowar wannan addini. Masana tarihi, musamman Norman Cohn a 1975, sun nuna cewa Murray ta tsinci abin da ya dace da ra'ayinta ne daga takardun shari'a ta watsar da saura. Wicca sabon addini ne na ƙarni na 20, kuma masu gaskiya daga mabiyansa sun yarda da haka. A yau ɗan kasuwa ya karɓe ragama. Ana tattara layar wannan ƙasa da turaren waccan a zuba cikin kwali ɗaya a sayar. Wani farin ganyen hayaƙi da ƙabilun kudancin Kalifoniya ke amfani da shi a ibadarsu har satar sa ake yi daga daji saboda buƙatar kasuwa, alhali masu abin sai a 1978 dokar Amurka ta amince da 'yancinsu na yin ibadunsu.

Akwai gaskiya a cikin gadon, ba a musu. William Withering ya faɗa a 1785 cewa daga haɗin wata tsohuwa a Shropshire ta Ingila, mai ganye ashirin ko fiye, ya gano tsiron da ke maganin kumburin jiki, kuma daga wannan tsiro aka samo maganin zuciya da likitoci ke bayarwa har yau. Amma akwai jini ma a ciki, kuma ba na son a lulluɓe shi da kyalle mai kyau. A 1895 a Ailan wani mutum ya ƙone matarsa, Bridget Cleary, don ya yi imani aljanu sun musanya ta. A 2013 ƙone wata matashiya a bainar jama'a ya sa Papua Sabuwar Gini ta soke dokarta ta sihiri ta 1971. A 2021 Majalisar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya sai da ta zartar da ƙuduri kan cin zarafin da ake yi da sunan zargin maita, wanda tsofaffin mata da yara da zabiya suka fi shan wahalarsa. Wanda ya ce yana son gadon kakanninsa, wannan ma yana cikin kason.

A ganina Ailan ce ta fi kowa dacewa da hanya. Bayan kafa hukumar tattara al'adun gargajiya a 1935, daga 1937 aka tura yara 'yan firamare fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 su koma gida su tambayi kakanninsu da maƙwabtansu: yaya ake maganin tari, wace rijiya ce ake zuwa neman waraka, wane itace ne ba a sara, me ake cewa idan za a tsayar da jini. Yaran suka rubuto shafi kusan 740,000. A ƙarƙashin labari akan rubuta sunan wanda ya faɗa da ƙauyensa, sau da yawa har da shekarunsa. Ba alƙali a tsakani, ba mai ɗinke labarin wani gari da na wani. Jika ne zaune gaban kakarsa, tana faɗa yana rubutawa, har da kurakuransa na rubutu. An ɗora shafukan a intanet, masu sa kai suka yi ta kwafe su layi-layi, kuma mutumin da ke zaune a Boston ko Sidni zai iya sa sunan ƙauyen da iyayensa suka baro, ya ga abin da wata tsohuwa ta can ta ce a yi wa yaron da ya ƙone a hannu.